Matar da Na Gina Ba Kai

Ni tun ina yarinya ba a san ni da zama wuri ɗaya ba, amma shekarar da na fita takaba abin ya wuce misali. Mijina direban babbar mota ne, hanyar kudu ta cinye shi ba mu daɗe da aure ba. Na koma gidanmu a Fagge, aka buɗe mini ɗakin da na tashi a ciki, aka ce in zauna in huta har Allah Ya kawo wani. Wane irin hutu! In na zauna a tabarma sai in ji kamar cinnaka ke cizona. In share tsakar gida, in sake sharewa, in wanke kwanon da aka riga aka wanke. Keken ɗinkin Baba yana ta ƙara a zaure tun hantsi, ni kuwa ina ciki ina zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Lokacin ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, Kano ta haukace da gini. Duk wanda ya samu 'yan canji sai ya rushe katangar ƙasa ya sa ta bulo. Motocin yashi suna wucewa ta bakin layinmu ba dare ba rana, har ganyen darbejiyar ƙofar gidanmu ya koma fari. Kowa yana sauri, kowa yana da inda za shi, ni kaɗai ce aka ce in zauna.

Iya ce ta cece ni, ba da niyya ba. Mahaifiyata ke nan. Iyayenta Yarabawa ne Musulmi, a Fagge aka haife ta, kuma tun kafin aure ta gaya wa Baba ita ba ta san kulle ba, sana'a ta sani. Kullum da rana tana kai shinkafa da wake Sabon Gari, wani fili da ake buga kayan siminti. Ranar da ta gaji da ganina ina goge tukunya ɗaya sau uku, sai ta ɗora mini robar miya a ka ta ce in wuce gaba kafin in huda mata tukunya.

Filin na wani Ibo ne, Kirista, kowa Oga yake ce masa. A Sabon Gari aka haife shi, ya tafi gida lokacin yaƙin basasa, ya dawo ya fara daga tushe, kuma Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Bulo mai ado suke yi, da ginshiƙan baranda, da tukwanen fure, sai zakuna da mikiya waɗanda masu sabon kuɗi ke ɗorawa a kan ƙofar gida. Ranar farko na ajiye miya na tsaya gaban zakunan nan, dariya ta kusa kayar da ni. Jikin a mazubi ake zuba shi, ba laifi, amma fuskar da hannu ake ƙarasa ta, kuma duk zakin da ke filin hancinsa da kumatunsa na mutum ɗaya ne sak. Ina waiwayawa na ga mai hancin yana hararata. Shi ne heluma, babban masu hannu a wurin, mutumin Kwaciri. Daga ranar muka ƙulla gaba.

Tsarin wurin a fili yake, ba sai an gaya maka ba. Akwai rumfar kwano, a ƙarƙashinta dogon benci, nan masu hannu suke zama, maza zalla, kowa da cokalin gininsa. Mata kuwa a rana suke. Su ɗebo yashi, su ɗebo ruwa, su ɗauko kwaɓin siminti a kwanon sarki su kawo bakin rumfa su sauke. Inda kwanon ya taɓa ƙasa, nan aikin mace ya ƙare. Wai in mace ta taɓa cokalin gini siminti ba ya kamawa, tsagewa yake. Na tambaya ko akwai wadda ta taɓa gwadawa, aka ce in rufa wa mutane baki, mai miya ce ni.

Ban yi mako ina zuwa ba na ɗauki kwano na shiga layin matan. Iya ta yi faɗa, ta ce ita ba ta haifi lebura ba, na ce na ji, gobe kuma na sake ɗauka. Ba son dako nake ba. So nake in matsa kusa da rumfar nan in ga yadda hannu ke juya siminti. In na sauke kwano sai in yi kamar ina gyara ɗankwali, idona yana kan benci, har sai heluma ya daka mini tsawa.

A cikin matan akwai wata dattijuwa daga Rijiyar Lemo, duk Gwaggo muke ce mata. Ta fi kowa daɗewa a dakon gini, tun kafin a san filin Oga. Tsakiyar kanta ba gashi ko ɗaya, gammo ya cinye, wurin ya yi sulɓi kamar bayan ƙwarya. Ba ta da yawan magana. Ita ta koya mini naɗa gammo yadda wuya ba zai sage ba, ita kuma take cewa in rage sauri, yashin ba guduwa zai yi ba. Ni hannuwanta nake kallo. Manya ne, duk jijiya, siminti ya tsattsaga su, amma in ta ɗauki lomar shinkafa sai ka ce auduga take tsinka.

Da rana in an tashi cin abinci, nakan kankare ragowar kwaɓin da ya maƙale a kwano in zaga bayan rumfa. Da cokalin miyar Iya da tsinken tsintsiya na fara yin ƙadangaru. Na yi kwaɗo, na yi kan akuya. Heluma ya gan su a jere a kan bulo, ya sa ƙafa ya watsar, ya ce simintin Oga ba na wasan 'yar tsana ba ne. Na ce masa ko banza akuyata da akuya ta yi kama, ba da mai ita ba. Matan suka tuntsire, shi kuma ya kai ƙarata.

Oga ya zo ya tsinci kan akuyar a ƙasa, ya juya shi a hannu ya daɗe. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yabe ni ba. Kashegari sai ga zaki guda an ajiye mini a bayan rumfa, fuskarsa ɗanya, wai in gwada. Daga nan fuskar zaki ta zama tawa, amma a bayan rumfa, a tsugune, da cokalin miya, kuma bayan na gama dakon yini. In mai saye ya yaba, heluma ne ke cewa madalla. Abin yana cina ƙwarai. In na koma gida ba na iya cin abinci a zaune, a tsaye nake ci, Iya tana cewa ko aljanun Sabon Gari ne suka shafe ni.

Sai ga wani kamfanin gine-gine ya gama sabon ofis a Sabon Gari, suna son mutum-mutumi biyu a bakin ƙofa, tsayin mutum sosai. Namiji magini riƙe da cokali, da mace a gefensa ɗauke da kwanon sarki. Heluma ya yi namijin, ya fito da hancin da kowa ya sani. Macen kuwa ya gwada ya rushe, ya sake gwadawa, ta fito kamar ɗan dambe ya ɗaura zane. Lokaci yana ƙurewa, Oga ya kira ni gaban kowa.

“'Yar Iya, ke za ki yi macen,” in ji shi. “In ta yi kyau, kin bar kwano. Ga benci, ga cokalinki.”

Bencin nan katako ne kawai, duk ya sha siminti, amma wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so shi ba. Na gaji da a ce in sauke in koma. Ina so in zauna a inuwa in yi abu da hannuna, a ce wance ce ta yi.

Na ce Gwaggo zan kwaikwaya. Ta ce ita me aka gani a jikinta, amma ta tsaya mini. Na lanƙwasa rodi na yi ƙashin jiki, na naɗe shi da ragar waya, hannuwa biyu a sama za su tallafi kwano, rodin wuya a miƙe yana jiran kai. Na fara ɗora siminti daga ƙafa. Oga ya ba ni aron wani ƙaramin cokali da ba mai so, ya ce aro ne, kar in ɗauka na zauna. Kullum in zan tashi sai in lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta busar da shi da wuri. Kwanakin nan ko tafiya ba na yi, gudu-gudu nake daga Fagge zuwa fili, Iya tana baya tana kirana.

Na kai ƙugu labari ya isa unguwa. Wai 'yar tela tana Sabon Gari tana ƙera wa arna gunki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shekara nawa heluma da mazan bencin nan suna yin zakuna da mikiya, Musulmi ne yawancinsu, wasu a sahu ɗaya suke salla da masu gulmar, ba wanda ya taɓa zuwa ƙofar uban wani ya ce uffan. Nasu ado ne. Nawa ne gunki.

Baba mutum ne mai sanyi, bai iya faɗa ba, shi ya sa nasa fushin ya fi ciwo. Ya dawo daga masallaci da la'asar bai zauna kan keke ba. Ya sa aka kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne, na haɗa masa har da zakunan. Na soma bayani ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba malami ba ne, ba zai hana ni da jahilci ba, ba zai kuma bar ni da jahilci ba, zai je ya tambaya.

Ya tambayo. Malamin da yake ɗaukar karatu wurinsa ya ce masa surar abu mai rai a kai take. In ba kai, ba ta da maraba da kututturen itace. Fure da ginshiƙi da bulo kuwa ba komai.

“Uwata, ki yi aikinki,” Baba ya ce. “Amma ban da kai. In kika sa mata kai, ƙafarki ba ta ƙara taka Sabon Gari da yawuna.”

Ya ƙara da cewa fuskar zaki ma daga yau in rabu da ita. Shi a ganinsa ya samo mini mafita, har fuskarsa ta saki. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa. Mai ɗauke da kwano aka ce in yi. A ina ake ɗora kwano?

Na kai wa Oga maganar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce malaman Fagge sun iya shari'a. Da ya ga ba dariya nake ba sai ya ce ba ruwansa, kamfani mace da kwano suka ce, in san yadda zan yi. To ga ni a tsakiya. In na sa kai, na rasa yardar Baba, da ita filin gaba ɗaya. In ban sa ba, benci ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In zo fili in ɗora siminti kaɗan a ƙirji, in ajiye cokali, in zaga, in dawo. Na yi faɗa da mai ruwa, na yi faɗa da Iya a kan gishiri, na yi faɗa da wata akuya da ta shigo filin. Na yi tunanin in sa kan a ɓoye, wa zai gaya wa Baba? Sai na tuna duk Fagge ce za ta gaya masa. Na yi tunanin in roƙi heluma ya sa kan shi, ni in yi jiki, sai na hango hancin nan a kan Gwaggo, na ce Allah Ya kiyaye. Rodin wuyan nan yana tsaye yana nuna sama, duk inda na juya a filin sai na gan shi.

Wata rana da azahar, kowa yana cin abinci, zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauko zarton ƙarfe na yanke rodin wuyan daidai kafaɗa, na yi jifa da shi. Na ce to shi ke nan, kowa ya huta. Sai na ja baya ina haki. Ga mace tsaye, hannuwa biyu a sama, ba abin da suke tallafe da shi. Na ji tausayinta ya kama ni, kamar an bar mutum yana jiran kayan da ba za su zo ba. Hannuwan ba su sha siminti ba tukuna, rodi ne da waya. Na kama na dama na janyo shi ƙasa da ƙarfin tsiya, na janyo na hagu. Suka sauko gabanta. Sai tambaya ta zo mini: mace a wurin gini, ba kaya a kanta, me hannunta zai yi?

Amsar tana kan juji, inda ake zubar da fasassun bulo. Wani tsohon cokalin gini ne da bakinsa ya cinye, aka yar. Na ɗauko na ɗaure shi da waya a hannun dama. Kwanon sarkin da aka ba ni don in ɗora mata a ka, na kife shi a ƙasa na sa ƙafarta ta hagu a kai. Daga nan ban ƙara zagaye ba. Na ja buhuna na kewaye wurin, na ce kada wanda ya leƙo sai na gama, Oga ya ce masu hannu dama duk haka suke da iyayi. Hannuwan sun fi komai cin lokaci. Na yi jijiyoyin, na yi tsagar da ke gefen babban yatsa, na matse yatsun a kan ƙotar yadda Gwaggo ke matse bakin kwano. Wuyan na shafe shi sumul, ba alamar karaya, don kowa ya san da gangan ne.

Ranar da na yaye buhunan, kowa ya bar aikinsa. Mazan benci suka taso. Wani ya yi salati, wani ya ce dama an faɗa, ga abin da ke faruwa in mace ta taɓa cokali. Heluma murmushi kawai yake, na kuwa fi tsanar wannan. Ni Gwaggo nake nema da ido. Na ɗauka za ta yi murna, har na tanadi abin da zan ce in ta gode mini. Ta matso da kwanonta a hammata, ta dubi hannuwan, ta dubi nata. Ta ɗaga ido inda kai ya kamata ya kasance, ta daɗe.

“Yarinya,” ta ce, “da kan nan na ci da marayu. Shi kaɗai ake nema a jikina, shi kuma kika cire.”

Ta juya ta koma layin yashi. Ban taɓa jin kunya da haushi a haɗe kamar na ranar ba. Na so in bi ta in ce kaya na sauke miki, amma ta riga ta ɗora kwano a ka.

Mutumin kamfani ya zo da yamma da motarsa, ya zaga ta sau ɗaya, ya ce wannan ai abin tsorata baƙi ne, kuma magina biyu me za su yi a ƙofa ɗaya, wa zai kawo musu kwaɓi? Ya ba Oga zuwa ƙarshen mako. Oga ya kira ni ofishinsa, ransa a ɓace. Ya ce hannuwan nan bai taɓa ganin irinsu a filinsa ba, shi ya sa bai kore ni ba. In fasa hannun, in mayar da su sama, in sa kai da kwano, benci yana nan yana jirana.

Na koma gida ban gaya wa kowa ba, amma Iya ta gaya wa Baba. Da safe sai na ga ya rufe keke ya sa hula, ya ce in wuce mu je. Baba, da ba ya shiga Sabon Gari sai sayen zare! Muka tafi yana gaba ina baya. Ya gaisa da Oga, ya kau da kai daga zakunan, ya tsaya gaban matar. Bai dubi wuyan ba sam. Ya sunkuya ya bi bakin zanen da yatsa, inda na yi masa kalmasa, ya taɓa inda ta soke shi a ƙugu. Ya ce a ina na koyi yadda yadi ke faɗuwa, na ce a zaurensa. Ya gyaɗa kai. A hanyar dawowa, daidai inda ake tsallaka titi a shiga Fagge, ya ce aikin ya yi kyau, kuma maganarsa tana nan yadda take. Na yi kuka a titi, mutane suna kallona, ban damu ba.

Abin da na yanke a raina bayan nan, har Baba ya koma ga Allah bai sani ba. Maganar Gwaggo ce ta hana ni sakat. Gaskiya ta faɗa, na cire mata kai, kuma ta cancanci kai, da fuskarta, da sanƙon nan na gammo a fili kowa ya gani. Na ce zan sa. In Baba ya hana ni filin, ya hana, in ya yi fushi zan durƙusa har ya huce. Na je na samu Oga yana duba bulo. Na ce masa na yarda zan yi mata kai, kai mai kyau, wanda duk Sabon Gari za a zo kallo. Sharaɗina ɗaya ne. Cokali yana hannunta, kwano yana ƙasa.

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ba mugunta a fuskarsa, wallahi, mamaki ne kawai.

“To in ba kwano,” ya ce, “kan me zai yi?”

Na yi shirin saɓa wa ubana saboda kan nan, ashe su wurin ɗora kaya kawai suke nema. Na je na ɗauko ƙaramin cokalin da ya ba ni aro, na wanke shi tas, na ajiye masa a kan bulo. Ya ce kada in yi wauta, in koma layin mata in huce, wata rana a sake dubawa. Na ce na gode. Na wuce ta gaban benci ban kalle shi ba, don na san in na kalla zan tsaya.

Heluma ne ya ƙarasa ta. Matan suka ba Iya labari, Iya ta ba ni, ko da na ce ba na son ji. Ya sa guduma ya farfasa hannuwan daga gwiwa, ya ɗaga sabbin rodi sama, ya dasa kai, ya ɗora kwano. An kai su ƙofar ofishin, an shafa musu fenti. Na wuce ta wurin sau ɗaya a motar haya, na ga magini da matarsa, hancinsu iri ɗaya kamar wa da ƙanwa. Zanen ne kawai nawa. Ban ƙara bin titin ba.

Na koma zagayen tsakar gida, wannan karon ma ya fi na da, don yanzu na san abin da hannuna ke nema. Iya ta daina tsokanata. Baba in ya gan ni sai ya ƙara wa keke gudu.

Ran nan da la'asar aka yi sallama, sai ga Gwaggo. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, tambaya ta yi ta yi har ta iso, ga shi ba hanyarta ba ce. Ƙafafunta fari fat da siminti, daga fili take. Iya ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce ba zama za ta yi ba. Ta sauke kwanonta, ta ɗauko wani abu naɗe a tsumman gammo ta miƙo mini. Da nauyi. Na warware, sai ga tsohon cokalin nan. A juji ta tsince shi bayan heluma ya gama fashe-fashensa. Gudumar ba ta cire komai duka ba, babban yatsa da manuni suna nan manne a ƙotar, har da tsagar da na yi a gefe.

“Hannuna ne,” ta ce. “Ba na so a bar shi a juji. Ni ban iya riƙe shi ba, ke kin iya.”

Ta mayar da gammon a ka, ta ɗora kwanonta, ta ce magariba za ta yi mata a hanya. Na raka ta har bakin titi.

Ban taɓa zama a bencin nan ba, kuma ban ji an ce wata mace ta zauna ba har aka tashi filin. A bayan ɗakin Iya na fara, da rabin buhun siminti da Baba ya sayo da kansa ya ajiye mini. Tukwanen fure na yi, da murhu, da bulo mai ado, har matan unguwa suka saba aiko 'ya'yansu mata su taya ni, wasu suka koya. Mutum kuwa ban sake ginawa ba, da kai ko ba kai. An sha kawo mini sababbin cokula, suna nan a kwando. Wancan nake ɗauka. Yatsun nan biyu har yau suna riƙe da ƙotar, sun yi sulɓi saboda gumi. In zan yi aiki, a kansu nake ɗora nawa.